Kara ce Ajalin Babetta

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har wuya, Jost Hefti na ƙauyen Sandbach, tsohon mai rufin gidaje kuma dattijon ƙungiyar 'yan harbi ta ƙauyen, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa kwanciya rub da ciki kusa da shi a rumfar harbi, rasuwar abokiyar zamansa Babetta, bindigar soja ƙirar talatin da ɗaya. Rai ya yi halinsa da hantsin Asabar, ranar gasar harbi ta ƙasa, a sabon fili na bakin kwari, tana kan kafaɗarsa. Ta rasu tana da shekara saba'in da biyar, sittin da ɗoriya daga ciki a ɗakinsa ta yi su.

An saba a irin wannan sanarwa a ce mamaci ya tafi bayan doguwar jinya, ko bayan gajeruwa. Ba za a rubuta haka a nan ba, domin marigayiyar ba ta taɓa yin ciwo ba. Ana ta yaɗawa a ƙauye cewa tsufa ne ya kashe ta, wai ƙarfenta ya gaji. An faɗa wa ɗan sandan da ya zo bincike haka, an maimaita a gidan shan kofi, har shugabannin ƙungiya sun sa ranar zama don a hana duk tsofaffin bindigogi irinta shiga fili. Waɗanda suka ƙago wannan magana don Jost suka yi. So suke ya tsira da mutuncinsa, da lambobin yabonsa, da sauran bindigogin da ke ɗakinsa, laifi kuma ya hau kan wadda ba ta da bakin kare kanta. Ya ce a gode musu, a kuma mayar musu da kayansu. Ya ce gara a kwashe komai a bar shi da bango fayau da a binne Babetta da ƙazafi, ya ce a rubuta haka, kuma ga shi an rubuta.

An haifi marigayiya a Bern, babban birnin ƙasarmu, a shekarar 1943, lokacin da wuta ke ci a duk ƙasashen da suka kewaye mu. Ta yi ƙuruciyarta a bakin iyaka, a kafaɗar wani soja da ba a san sunansa ba, tana jiran abokan gaban da ba su zo ba. A wancan zamani sojoji kan kafe bindigoginsu cikin dusar ƙanƙara su kwana, da safe in sun daskare a sa takalmi mai ƙusa a shure su su fito. Shi ya sa gindin ƙotarta duk tabo ne, kamar ɓera ya gwaguya. Mutane da yawa sun ba Jost shawara ya goge tabon ya shafa mata sabon fenti. Yakan ce wanda ya goge wa tsohuwa tamoji ai ba gyara ta ya yi ba, ƙaryata ta ya yi.

Ta shigo hannunsa yana ɗan shekara ashirin, ranar da ya shiga horon soja, ta kuma biyo shi gida kamar yadda kowace bindiga ke bin sojanta. Da ya gama hidima aka buga mata hatimi aka ce ta zama tasa. Matarsa Sibilla, wadda ta riga mu gidan gaskiya, ita ta raɗa mata suna. Sunan wata gwaggonta ne, mace mai magana ɗaya, wadda in ta buɗe baki a taron dangi sai gardama ta ƙare.

Duk wanda ya san marigayiya zai yi mata shaidar haƙuri da ƙana'a. Ba ta taɓa neman mai ba, baƙin giris kaɗan a goga mata a ciki tun tana da ɗumi bayan harbi ya ishe ta har wani mako. Ruwa ya dake ta, sanyi ya dake ta, an manta ta a bayan mota ranar bikin Regula 'yar Jost, ba ta riƙe kowa a zuci ba. Muryarta sananniya ce. Sakatarta ba a murɗa ta, jawowa ake yi a tura, sai ta ce ƙwas-ƙwas, a taƙaice, kamar mai gyaran murya. Sannan ta ce ɗau, dutsen da ke tsallaken kwari ya amsa mata da guum bayan numfashi ɗaya. Mata na shanya a ƙasan ƙauye sukan ce, ga Babetta can ta fara.

Amma babban halinta, wanda saboda shi aka buga wannan sanarwa, shi ne ba ta ƙarya. Inda aka nuna mata nan take zuwa. In an nuna mata tsakiyar baƙin allon harbi ta je tsakiyar baƙi, in an nuna mata ciyawa ta je ciyawa, ba ta duba fuskar mai riƙe da ita ko furfurarsa. An ƙera ta don yaƙi, ta yi shekara saba'in da biyar ba ta zubar da jinin kowa ba, ko na zomo. Ranar mutuwarta ce kaɗai ta ga jini, shi ma na mai ita ne.

Ta rasu ta bar kakarta, wata tsohuwar bindiga ƙirar Vetterli da ta daɗe da yin shiru don an daina yi mata harsashi. Ta bar yayarta, doguwa ƙirar goma sha ɗaya, wadda ba ta shiga kabad sai an karkata ta. Ta bar ƙanne uku, marayu duka. Jost bai taɓa yawon kasuwa neman bindiga ba. In tsohon soja ya mutu a kwarin nan, matarsa kan kira shi ya zo ya ɗauke abin da ke bayan kabad don ba ta son ganinsa, shi kuma ya je da bargo ya naɗo ta, ya tambayi sunan mamacin da rundunarsa, ya riƙe a ka. Ta bar wuƙar da ake kafa mata a baki, wadda ba ta taɓa yanka komai ba sai burodi da cuku. Ta bar maɗaurin fata, da gwangwanin giris, da ɗan madubin nan da ake sakawa a gindin bututu a leƙa ciki. Ta bar sandar shara ta goge cikin bututu, wadda ta rasa kanta, kuma za a zo kan maganarta. Ta kuma bar Jost, mai shekara tamanin da ɗaya, da yatsu uku a hannun hagu.

Ga yadda abin ya faru, ga waɗanda ba su sani ba da waɗanda suka sani suka yi shiru.

Tsohon filin harbi na Sandbach yana bisan ƙauye, ana harbi a tsallake makiyaya zuwa alluna a jikin tudu, nisan mita ɗari uku. A gaban allunan akwai rami na siminti, a ciki masu nuni suke zama da jajayen riguna. In an yi harbi sai su sauke allon, su nemi hujin, su liƙe shi, su ɗaga faifai mai dogon mariƙi su nuna inda harsashi ya faɗa da makin da ya samu. Wanda ke zaune a bayan mai harbi ya duba, ya faɗa da ƙarfi, ya rubuta. In harsashi bai taɓa allo ba, baƙin faifai ake kaɗawa hagu da dama a hankali, kowa na gani, har masu cin tsiren hanji a bakin rumfa.

Shugaban masu nuni shi ne Melchior Dürst, abokin Jost tun suna zama benci ɗaya a makaranta. Jost na kiransa Gafiya, don rabin rayuwarsa a rami ya yi ta. Shi kuma yana kiran Jost Ƙadangare, mai kwana a kan rufin mutane. Kowace Asabar bayan harbi sai sun zauna tebur ɗaya suna zagin juna a kan kofi mai ɗigon barasa. Jost ya ce Gafiya bai iya ƙirga ba, yana cinye masa maki. Melchior ya ce ai bindigar ce ke harbin, mai ita ko buhun dankali aka kwantar a bayanta sai ya ci lamba.

A shekarar da aka binne Sibilla, Jost ya fara ganin wani hazo-hazo a tsakiyar duk abin da ya kalla. Gefe da gefe yana gani sarai, yana hawa matakala, yana gane karen maƙwabci daga nesa, amma in ya ƙura wa abu ido sai abin ya narke. Ya zargi sababbin ƙwayayen lantarki. Ya zargi masu buga jarida da rowar tawada. A ransa ya tsorata, tsoro na gaske, irin wanda mutum ba ya faɗa ko wa kansa. Sai ya yanke shawara ya bar Babetta ta yi hukunci, tunda ita ba ta ƙarya: in ya je fili ya kasa, to ido ne, sai ya tafi wurin likita.

Ranar ya harba, harsashi ya faɗa can gefen allo, inda ko maki ɗaya da ƙyar. Melchior ya tsaya a rami yana kallon hujin. Ya tuna mutumin nan makonni kaɗan da suka wuce ya zuba ƙasa a kan matarsa, ya tuna ba shi da sauran abin da ke fitar da shi daga gida sai Asabar. Ya liƙe hujin, ya ɗaga faifan maki huɗu ya ɗora a kusa da tsakiya. Sau ɗaya ya yi niyya. Jost ya ji an ce huɗu a bayansa, ya sauke ajiyar zuciya, ya ce ashe ƙwayayen lantarki ne.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma wannan mai ɗakin kowace Asabar ana aiko masa da shaida cewa rufinsa ƙalau yake. Sauran 'yan rami sun gani, suka yi shiru. Matansu suka ji. Kafin kaka ta zagayo babu wanda bai sani ba a Sandbach in ban da mutum ɗaya. A ƙauyen nan mutum zai tsayar da kai a hanya ya gaya maka itacen wutarka bai jeru daidai ba, ko an ga ka shanya wanki ranar Lahadi, amma ba zai iya kallon idonka ya ce ka makance ba. Suka riƙa tafa masa, suna liƙa masa lamba a ƙirji, har jaridar kwari ta buga hotonsa da Babetta ta ce tsufa bai taɓa shi ba. Ana cewa ramin ƙarya ƙurarre ne, amma na Melchior na siminti ne, ya kai shekara shida bai rufta ba.

Abin da ya rufta shi dalma ce. Hukuma ta auna tudun ta ce harsasan shekara ɗari sun lalata ƙasar, gyaran kuma ya fi ƙarfin ƙauye, aka rufe filin. Ƙungiya ta koma sabon fili na bakin kwari, inda babu rami, babu jar riga, babu faifai. Na'ura ce ke jin inda harsashi ya faɗa ta nuna a gilashi kusa da gwiwar mai harbi. Na'ura kuwa ba ta san dattijo ba, ba ta je jana'izar Sibilla ba. Asabar ta farko Jost ya harba goma, aka karanta masa sifiri bakwai, wanda ke kwance a damansa kuma ya tarar da huji biyu a allonsa da ba shi ya yi ba.

Jost ya tashi zaune ya ɗora Babetta a cinya yana shafa ta. Mutumin da ya ci lamba bara ba zai zama makaho bana ba, don haka ita ce ba ta da lafiya. Ya faɗi haka a fili, a gaban mutum ashirin da kowannensu ya san gaskiya. Sai wani ya ce ai kam, shekaru sun ja. Wani ya ce haka ta kakansa ta yi. Aka bar jaki ana dukan taiki, kuma daga ranar aka fara jinyar wadda ba ta da ciwo.

Ya kai ta wurin Afra Kubli, mai gyaran bindiga a garin ƙasa, wadda ta gaji shagon daga ubanta. Afra ta ɗaure ta a teburin gwaji ta harba biyar, suka taru wuri ɗaya, kwabo ɗaya zai rufe su. Ta miƙa masa takardar, ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta ga tsoho ya kai takardar gefen kunnensa yana leƙenta ta wutsiyar ido, yana gyaɗa kai kamar mai gani. Sai ta fasa gaya masa gaskiya. Ta ce mai yiwuwa saitin gaba ne ya ɗan goce. Ta ɗauki guduma ta buga shi hagu, ta sake buga shi dama ya koma inda yake, ta ce ba sai ya biya ba.

Regula ma ba a bar ta a baya ba. Ta daɗe tana zuwa kullum da safe tana karanta masa jarida, wai tana son jin muryarta. Ta karɓe makullin motarsa da sunan tata na gareji, garejin da bai ƙare ba har yau. Sau biyu tana yi masa layi wurin likitan ido, sau biyu tana sokewa, don ya nuna mata lambobin da ke bango ya tambaye ta ko ta taɓa jin makahon da ya ci waɗannan. Ta san amsar. Ta ce a'a Baba, ta shiga kicin.

Da magani ya ƙi, Jost ya koma yi da kansa. Duk lokacin sanyi ya yi shi a ɗakin ƙasa yana jinya. Ya kwance kusoshi ya ɗaure, ya sake kwancewa. Ya kankare katakon da bai yi masa komai ba. Ya dirje cikin bututu da burushin ƙarfe har hannunsa ya yi kanta. Ya daina zuwa gidan kofi, ya rame, yana yi mata magana a hankali yana ba ta haƙuri, yana tambayarta inda ke mata ciwo. Melchior kan zo ya zauna a kan akwati yana kallo. Sau da yawa ya ce, Ƙadangare, akwai wata magana, in Jost ya ɗago sai ya ce an ce gobe za a yi dusar ƙanƙara. Ya koma gida ya kasa cin abinci, washegari ya dawo ya sake zama a kan akwatin.

Safiyar ranar gasa Jost ya share girisin da ke cikinta kamar yadda aka saba kafin harbi. Kan sandar shara, ɗan guntun tagulla mai naɗe da ƙyalle, ya kwance daga mariƙinsa ya tsaya a tsakiyar bututu. Dirzar wata da watanni ta cinye inda ake murɗa shi a jikin sandar. Jost ya zaro sanda bai lura ba. Ya saka ɗan madubi, ya ɗaga ta ya fuskanci taga, ya leƙa kamar yadda ya yi sau dubbai. Ya ga hazon da yake gani a fuskar 'yarsa da a agogon coci da a komai. Ya ce tsaf take.

Akwai sauran shinge ɗaya. A ƙofar rumfa, ranar gasa, kowa sai ya cire sakata ya miƙa bindigarsa jami'in fili ya leƙa ciki, ko kai wane ne. Jost da kansa ya yi shekara talatin yana wannan aiki, ya taɓa mayar da kanar gida saboda ƙura. Jami'in ranar shi ne Remo Stüssi, wanda Jost ya koya wa riƙe bindiga. Remo ya duba ta kowa ɗaya bayan ɗaya, ba sani ba sabo. Da layi ya zo kan tsoho, ya miƙa masa Babetta, sai Remo ya ja da baya ya sara masa.

"Haba Baba Jost, ni zan duba taka? Ai kai ka koya mana. Wuce abinka."

Jost ya ji daɗi, ba zai ɓoye ba. Wata shida ke nan rabon da wani abu ya faranta masa rai. Ya wuce ya kwanta a tabarmarsa, Melchior ya zauna a bayansa don karanta masa maki.

Ta ce ƙwas-ƙwas, kamar kullum, muryarta garau. Amma ba ta ce ɗau ba. Wata ƙara ta yi wadda ba wanda ya taɓa ji daga bakinta, gajeruwa, mai kauri, kamar an saki ƙofar ƙarfe. Dutse bai amsa ba, don sabon filin a rufe yake da bango. Bututunta ya tsage tun daga tsakiya, katakon da hannun hagunsa ke riƙe da shi ya tarwatse. Ba ta taɓa kowa ba a rumfar da ke cike da mutane sai shi. Da aka ɗaga shi yana tambaya ne ko ta ji ciwo.

A asibiti, bayan an ɗinke abin da ya ragu na hannun, aka duba idanunsa ko ɓarɓashi ya shiga. Likitar ta daɗe tana haskawa, sannan ta tambaye shi wa ke karanta masa wasiƙu, don tsakiyar idanun nan biyu ta yi shekaru da mutuwa. Ya ce mata bara ma ya ci lambar gasar ƙasa. Ta rubuta abin da za ta rubuta ta fita. Ita ba 'yar Sandbach ba ce.

Da rana Melchior ya zo da 'ya'yan itace a leda, ya zauna a bakin gado yana murza hularsa. Jost ya gane shi da tarinsa.

"Gafiya, tambaya ɗaya zan yi maka. Lambar da na ci shekarar da aka rufe fili, maki nawa na samu?"

"Sittin da ɗaya aka rubuta maka."

"Ban tambaye ka abin da aka rubuta ba."

Melchior ya ce, "Sha takwas ka harba, Jost. Biyar suka taɓa allo."

"Tun yaushe?"

"Tun shekarar Sibilla."

Jost ya juya fuskarsa bango. Can ya ce, ba da ɗaga murya ba, "Da ka kaɗa mini baƙin faifan nan sau ɗaya. Da na zage ka, na zagi ubanka, mu yi gaba wata guda. Da yanzu tana rataye a bango da ranta."

Melchior ya yi kuka, kukan tsoho mara sauti. Jost bai lallashe shi ba, bai kuma kore shi ba.

Ranar da aka sallame shi ya sauka ɗakin ƙasa ya lalubo sandar shara. Yatsun da suka rage masa suka bi ta har ƙarshe, suka tarar babu kai. Ya sa Regula ta kai shi shagon Afra, ya tsaya a gaban kanta ya buɗe mata tafin hannunsa. Afra ce aka kira ranar ta duba gawar, ita ta zaro guntun tagullar daga tsagar kafin ɗan sanda ya iso, ta jefa a aljihu, ita ta fara furta kalmar tsufa. Ta ɗauko shi daga aljihun tebur ta ɗora masa a hannu. Daga nan ofishin 'yan sanda ya sa aka kai shi, don ya faɗa musu gaskiyar abin da ya faru. Regula ta roƙe shi a mota, ta ce Baba za su karɓe sauran, za a yi da kai a gari, me zai ƙara wa ƙarfen da ya riga ya fashe. Ya ce mata shekara sittin tana faɗa masa gaskiya, ko a shekaru shidan nan gaskiya take faɗa can a jikin allo, mutane ne suka tare saƙon a hanya. Ba zai rama mata da ƙarya ba.

Saboda haka ana sanar da jama'a cewa ƙarfen Babetta bai gaji ba, kuma ba tsautsayi ba ne da za a ce ba ya wuce ranarsa. Kara ce ajalinta. Aboki ya yi kara, 'ya ta yi kara, mai gyara ta yi kara, jami'in ƙofa ya yi kara, ƙauye guda ya yi kara, mai ita ma ya yi wa kansa kara ranar da ya zaɓi ya gaskata kunnensa ya ƙaryata idonsa. Jost bai kai ƙarar kowa ba kuma ba zai kai ba. Ya san don ƙauna aka yi, shi ya sa abin ya fi ci masa rai. Roƙonsa ga shugabannin ƙungiya shi ne su soke zaman da suka sa, kada a hukunta dangin marigayiya a kan laifin da ba nasu ba. Roƙonsa ga Remo shi ne ya karɓi ɗan madubin, gado ne, ya kuma leƙa bindigar kowa daga yau, musamman ta wanda yake jin kunyarsa.

Marayun da ta bari za su koma hannun Afra, ta nema musu gidajen masu ido. Lambobin shekaru shida na ƙarshe an sauke su daga bango, za a sa su a akwati ɗaya da gawar. Na shekarun baya suna nan, don ita da shi suka ci su da guminsu.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa da hantsi, a tsohon filin harbi na bisan ƙauye. An samu izinin buɗe rumfar na wannan rana kaɗai. Daga nan motar 'yan sanda za ta ɗauki gawar zuwa inda ake yanka irinsu a narkar, ba a buƙatar rakiya. Ba a son furanni. Ba za a harba ko harsashi ɗaya don ban kwana ba, an yi harbin da ya isa. Bayan an tashi akwai kofi da burodi da koren cuku a gidan kofi na ƙauye, kowa zai iya zuwa, har waɗanda aka ambata a sama. Masu ta'aziyya su taimaka su faɗi sunansu kafin su miƙa hannu, su kuma miƙa wa hannun dama.

Abu ɗaya ya rage a tsarin. Jost ya nemi Melchior Dürst ya sa jar rigarsa ya sauka ramin karo na ƙarshe, kuma ya amsa. In an busa ƙaho, zai ɗaga baƙin faifai ya kaɗa shi hagu da dama, a hankali, yadda kowa zai gani, bashin da aka riƙe wa marigayiya shekara shida. Jost zai kwanta a tsohon wurinsa a rumfa ya fuskanci tudu. Daga wannan nisa ba zai ga komai ba. Ana roƙon duk wanda ya samu kansa a bayansa ya duba da kyau, ya faɗa masa abin da aka nuna, da ƙarfi, ba ragi ba ƙari.